Yadda Buhun Albasa Ya Rataye Ni a Aliero

Ku da kuke cewa zanen fiziks ai latsa kwamfuta ne kawai, layi ya miƙe da kansa, ku matso kusa. Kai mai jar hula, jiya na ga zanen da ka yi, ya yi kyau ƙwarai, shi ya sa ma nake jin tsoronsa. Ni Ummaru Mai Zayyana, kyau ne ya kusa kashe mini suna a wannan sana'a. Tunda kun cika mini benci kuna cinye mini gyaɗa, sai kun ji yadda aka yi.

Aikin farko da aka ba ni a zauren Malam Bawa, can Jega Firchin, shi ne raba allo biyu da zare. Malam Bawa mai zayyana ne, wato adon nan da ake yi wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani. Kayan aikinsa ba su cika ƙwarya ba: alƙalamin gamba, tawada baƙa da ja da rawaya, sai wani kamfas na ƙarfe na zana da'ira da maƙeri ya ƙera masa tun ban zo duniya ba. Dokarsa guda ce. Abin da ka sa a dama, sai ka sa ɗan'uwansa a hagu. In ka gama, ba ya ko kallon kyan launi. Tsinke zai ɗauka ya auna daga tsakiya zuwa dama, ya datse da farce, ya ɗora a hagu. In an sami bambancin da bai kai kaurin farcen ba, sai ya miƙo maka allon yana kallon wani wuri.

"Ummaru, wanga allo shina ɗingishi. Wanke."

Shekara bakwai ina jin kalmar nan. Har ta kai in na shiga ɗakin mutum na ga kalanda a karkace, tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro sai na tashi na daidaita ta. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen duk tsiyar da ta biyo baya.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, ko'ina sabon ofis, sabon shago, kowa yana son allo a ƙofarsa. Sai na buɗe wannan shagon a Jega Sabon Gari ina rubuta alluna. Nan Haruna ya same ni. Haruna taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, malamin fiziks a wata sakandare a Aliero. Tsakanina da shi ba girmamawa tun muna yawo ba wando. Ya ajiye babur, ya zaro wata takarda mai santsi kamar an shafa mata kakin zuma, ya ce sitansil ce, jarrabawa ta matso, shi kuma in ya zana da'ira yara cewa suke ƙwai ne.

Ku ba ku san sitansil ba, kun huta. Ba rubutu ake yi a kanta ba, yanka ake yi. Ka ɗora ta a kan gilashi, ka bi ta da alƙalamin ƙarfe. In ka danna da yawa ta yage, a injin gurza tawada ta kwararo ta wurin, takarda ɗari biyu su fito da baƙin tabo. In ka sassauta, layin ba zai fito ba sam. In ka yi kuskure akwai wani ruwan gyara mai launin hoda, warinsa sak na jan farce. Uwargida ta taɓa tare ni a ƙofa tana shinshina hannun rigata, ta ce in faɗa mata wa nake yi wa kwalliya a shago. Sai da na kawo mata kwalbar gida.

Yadda muke aiki shi ne, Haruna ya zo da nasa zanen a bayan takarda, kamar kaza ta taka tawada ta wuce. Ni in fitar da shi da fensir tsaf. Ya duba, ya auna, ya ce ya yi, ya hau babur ya koma Aliero. Ni kuma in bi fensirin da ƙarfe ko tawada. To tsakanin fensir da tawadar nan, nan nake zama ni kaɗai da idona.

Zanen madubi shi ne na farko, kuma har gobe ina sonsa. Haske ya sauka a madubi, ya tashi, kusurwar dama daidai da ta hagu. Na ce ashe fiziks ɗin nan ɗan gidan Malam Bawa ne. Na biyu shi ne ya ɓata mana zumunci. Haske ya fito daga iska ya shiga ruwa, sai layin ya karye ya sunkuya.

Na ce, "Haruna, mi ya karya ta?"

Ya ce, "Ruwa."

"Ruwa na karya layi?"

"Kai dai zana. A sama arba'in da biyar, a ƙasa talatin da biyu. Ba a ɗauko ka shawara ba."

Na zana da fensir yadda ya ce, ya auna, ya tafi. Na zauna ina kallon layin nan kamar ƙafar da aka ɗora ba daidai ba. Da na zo sa tawada sai na ɗan miƙar da shi. Ba duka ba, ni ba mahaukaci ba ne. Kaɗan dai, yadda ido zai huta. Lambobin kuwa na bar su yadda suke, arba'in da biyar, talatin da biyu. Haruna ya zo ya karanta lambobinsa, ya ce hannuna kamar inji.

Daga nan hannu ya saba. Akwai zanen katako da aka ɗora a kan dutse, kaya mai nauyi a gefe guda, ƙarami a ɗaya gefen, dutsen yana can kusa da mai nauyin. Sai in ɗan turo shi wajen tsakiya. Zanen taransufoma, waya ta naɗe da yawa a gefe ɗaya, kaɗan a ɗayan, sai in ƙara wa maras yawan zagaye biyu don kada ya ga an yi masa rowa. Kibiya doguwa da gajera, in rage wa wannan in ƙara wa waccan. Wallahi ban ɗauke shi ha'inci ba. Gani nake taimakon Haruna nake yi, tunda Allah bai ba shi ido ba.

Aikin da na fi jin daɗinsa a shekarun nan a Maiyama na yi shi. Wani shugaban makaranta ya gina ɗakin kimiyya, yana son a yi masa zane a bango kafin baƙi su zo. Makarantar ba ta da malamin fiziks a lokacin. Ya ba ni littafi da gwangwanin fentin mai biyu, ya tafi abinsa. Ba Haruna, ba fensir, ba mai cewa auna. Na zana katako a miƙe sambal, buhu ƙato a dama, ɗan mudu a hagu, dutse a tsakiya daidai wa daida. Na kewaye shi da zayyana irin ta allon sauka. A ƙasa na sa sunana da haruffa masu girman tafin hannu. Shugaban ya dawo ya ce bai taɓa ganin kimiyya mai kyau haka ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi ƙarfi, rufin shagon nan ya yi yoyo ta kusurwar can, inda akwatin katakon da nake tara sitansil yake. Ban buɗe shi ba sai bayan kaka. Da na ɗaga murfin, ƙasa na tarar. Gara ta cinye aikin shekara da shekaru, ta bar mini ƙusoshi. A shekarar ce kuma injin hoto ya shigo gari, malamai suka daina neman mai yankan sitansil, sai su ɗora littafi a gilashi su latsa. Na koma rubuta lambar babur da allon masu shayi. Na ji ciwon abin sosai, ba na ɓoye muku.

Haruna ne ya zo da maganar zaure. An buɗe shagon intanet na farko a nan Jega, janareta yana ƙugi a baya, shafi ɗaya sai ka ci goro ka gama bai buɗe ba. Ya nuna mini wani wuri a ciki, shi ne muke ce wa zaure, inda malaman kimiyya na ƙasashe daban-daban suke tara zane. Aikin sa-kai ne, ba mai biyan kowa, ba mai sayarwa. Duk malamin da yake so ya ɗauka ya koyar da shi kyauta. Sharaɗinsu ɗaya, zane ya zama gaskiya. A ƙarƙashin kowanne akwai sunan wanda ya zana da na wanda ya duba.

Ya ce, "Nan gara ba ta shiga, Mai Zayyana."

Na sake zana su ɗaya bayan ɗaya da baƙar tawada a farar takarda. Haruna ya duba fensir kamar kullum, a ɗora a sikana, injin ɗaukar hoton takarda, a tura. Zane arba'in da uku. Wata rana ya karanta mini wasiƙar wani malami daga ƙasar da har yau ban iya faɗin sunanta ba, yana cewa da zanena ya koyar da ajinsa. Ranar nan da ƙyar na shiga ƙofar gida, kaina ya yi girma.

A zauren akwai wata tsohuwar malama da ta yi ritaya. Ban taɓa ganin fuskarta ba, ban san garinsu ba. Ni da Haruna, Mai Awo muke ce mata, don ba ta karanta lambar da ka rubuta. Buga zanen take yi a takarda ta ɗora masa furotakta, abin auna kusurwar nan da ke cikin gwangwanin lissafinku. Ita ce ta rubuto, Haruna yana fassara mini. Ta ce zanen haske a ruwa an rubuta talatin da biyu, ita ta auna ta sami arba'in da ɗaya. Yaron da ya auna da kansa, in ji ta, zai ɗauka shi ne bai iya ba.

Haruna ya fusata saboda ni. Ya rubuta mata cewa sikanar garinmu tsohuwa ce, ita ce take jan hoto. Ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba?" Na ce lalle sikanar nan ni ma ban yarda da ita ba.

Bayan kwana biyu amsa ta zo. Mai Awo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin sikanar da take zaɓen layi ɗaya ta miƙar, ta bar sauran ba. Ta kawo shawara a zauren: in ba a sami bayani cikin mako biyu ba, a sauke duk zanen da ke ɗauke da sunana, tunda ba a san inda abin ya tsaya ba. Mutane suka goyi bayanta. Arba'in da ukun nan su ne kaɗai abin da ya rage mini bayan gara, su ne kuma suka kai sunana inda ƙafata ba za ta taɓa zuwa ba. Guda ɗaya ta kama. Ni kaɗai na san akwai 'yan'uwansa.

Haruna ya nemi in ba shi zanen na asali. Ya karɓi takardun ya sa a jaka. Ranar kasuwa sai ga saƙo, in zo Aliero, wani dillalin albasa yana son allo.

Na isa da hantsi da rulata da fensir a kunne. Ba dillali, ba allo. Abin da na tarar a bakin rumfunan albasa shi ne gangar mai a kwance, an ɗora mata wani dogon katako, gangar tana tsakiyarsa daidai. Haruna ya ce in zauna a bakin katakon in huta, dillalin yana zuwa. Na zauna. Ya ɗaga hannu, sai ga 'yan dako biyu da buhun albasa irin wanda ake cusawa har ya yi hula. Suka sauke shi a ɗaya bakin.

Ban san lokacin da na bar ƙasa ba. Sai gani na yi ina kallon saman rumfuna, ƙafafuna suna lilo, takalmi ɗaya ya faɗi, na rungume katako da hannu biyu. Kasuwa ta tsaya.

Haruna ya zaro zanena na katako da dutse, ya ɗaga shi yadda zan gani.

"Bisa wanga zane naka, kai da buhun ga kun kusa zama daidai. To sauko mana."

"Haruna, ka ji tsoron Allah."

"Ni ko? Ni da na sa sunana ƙarƙashin zane arba'in da uku ban taɓa ɗora rula bisa tawada ba? Har sikana na yi wa ƙazafi saboda kai."

Wani dattijo mai albasa ya matso yana kare rana da hannu. Ya ce, "Malam, mi ya yi?"

Haruna ya ce, "Baba, aiki aka ba shi, ya gyara abin da bai lalace ba."

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "To ku bar shi can tukuna."

Sai da aka gama dariya Haruna ya sa 'yan dakon suka riƙa gangaro da gangar wajen buhun, kaɗan kaɗan. Ina jin katakon yana sauko da ni. Da ya tsaya a miƙe, ni da buhu muna kallon juna, gangar tana can kusa da buhun, nesa da tsakiya, a wurin nan da idona ya ƙi jini shekara da shekaru. Haruna ya auna da igiya ya nuna mini. Ɓangarena ya kusa ninka na buhun. Abin da aka yi ta faɗa mini ta kunne bai shiga ba, ranar nan ta mazaunai ya shiga.

A gidansa bayan azahar ya kawo kwanon ruwa ya tsoma fensirina a ciki. Na ga ya karye a bakin ruwan, na zaro shi lafiya lau. Na ce ya isa, ba sai an jefa ni rijiya ba.

Shi zane biyu ya gano, na ruwa da na katako. Na ce ya ba ni furotakta da rula. Kwana uku ina auna aikina da hannuna, ina ware waɗanda na yi wa kwalliya. Goma sha ɗaya suka fito. Haruna ya ce in mun yi shiru a kan tara, mai yiwuwa ba mai ganowa. Gwada ni yake yi, na san shi. Na ce ya rubuta duka, ina faɗa da Hausa yana juyawa. Na faɗi lambar kowane zane da abin da na taɓa a ciki. Na ce ba sikana ba ce, ba Haruna ba ne, ni ne, kuma da gangan, don a inda na koyi aiki abin da bai daidaita ba wanke shi ake yi. Na lura wasiƙar ta fi abin da na faɗa tsawo. Daga baya na ji har labarin buhun ya sa a ciki.

Mai Awo ba ta yi maganar saukewa ba. Tambaya ta yi, mene ne zayyana? Na zauna na yi mata guda a takarda, irin ta Malam Bawa, muka tura. Kun san abin da matar nan ta yi? Ta buga ta ta ɗora mata furotakta. Ta rubuto wa zaure cewa ta auna kusurwa sittin da wani abu, ba ta sami ko ɗaya da ta kauce ba. Ta ce wannan hannun ba ya kuskure, idon ne yake da ra'ayi. A bar sauran zane talatin da biyu, Ummaru ya sake goma sha ɗayan, kuma daga yau Haruna tawada zai riƙa aunawa, ba fensir ba. Ta ƙara da cewa duk zanen da ya shigo zauren ya cika kyau, a turo wa Ummaru, shi ya san inda ake ɓoye abin. Shekaru na yi ina wannan aikin. Na kama mutane da yawa, har da masu digiri, kuma ban taɓa jin kunyar jin daɗin kama su ba.

Abu ɗaya ne ban sa a wasiƙar ba, bangon Maiyama. Na ce ai ba a zaure yake ba.

Shekara na zagayowa aka yi wa Haruna canjin wurin aiki. Ina kuke jin aka kai shi? Da na ji labari ban jira saƙo ba, na ɗaure gwangwanin farin fenti a babur na kama hanya. Na same shi tsaye a gaban bangon, hannu a baya, kamar mai kallon gonarsa ta yi kyau.

Na ce, "Matsa in shafe."

Ya ce, "Ka taɓa shi in tara maka 'yan dako. Wanga bango ya fi ni iya koyarwa."

Tun daga shekarar, duk ajin da ya fara fiziks a makarantar, ranar farko gaban bangon ake kai su. A ce akwai ƙarya a nan, ku nemo ta. In sun gano, a fita waje da katako da dutse a gwada, sannan a dawo a karanta sunan mai zanen da ƙarfi, baki ɗaya. Haruna ya yi ritaya, waɗanda suka gaje shi suka riƙe al'adar. Ko da aka yi wa makarantar sabon fenti, kewaye zanen aka yi. Kai mai jar hula, tun ɗazu kake danne dariya, na san a can ka yi karatu. E, ni ne Ummarun.

Bara malamar da ke wurin yanzu ta aiko mini. Fentin ya koɗe, yara ba sa ganin dutsen sosai, tana son in sabunta shi yadda yake, kada in canza komai. Na je. Haruna ma ya sa aka kawo shi, da sandarsa, aka ajiye masa kujera a inuwa. Na bi katakon, na bi buhun, na bi mudun, na bi zayyanar. Na zo kan dutsen na cika shi da baƙi, na ja da baya ina goge hannu.

Haruna ya tashi da ƙyar. Ya tsinci tsinke a ƙasa, ya auna daga dutsen zuwa buhu, ya datse da farce, ya ɗora a ɓangaren mudu. Tsinken bai kai ba. Ashe hannuna ya turo dutsen wajen buhun da kaurin yatsa biyu, ban sani ba.

Ya miƙo mini tsumma yana kallon wani wuri.

"Wanke."